Don Allah a dawo da kiran suna a aji, kati ba ya ganin fuskar yaro

Assalamu alaikum Malam Edita,

Barka da aiki, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan sam min fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce wai shi ma har ya kai a rubuto wasiƙa a kansa, wato ɗan zaman nan da ɗalibai ke yi a ajinsu kowace safiya kafin a fara darasi, malamin aji ya buɗe rajista ya kira suna, a faɗi sanarwar da ke akwai, sannan kowa ya ɗauko littafinsa. Minti goma ne, in ya yi tsawo sha biyar. Ni dai shekara goma sha tara na yi ina riƙe da aji kafin in ajiye alli, kuma a duk abin da ake yi a makaranta daga safe zuwa tashi ban ga wanda aka raina kamar wannan ba. To ba mamaki, an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Abin da ya tayar min da maganar, kwanakin baya ne muna hira da 'yar ƙanina da ke sakandare, na ce mata wane ne malamin ajinku bana, sai ta yi shiru tana kallon sama, wallahi sai da ta ɗauki lokaci kafin ta ce tana jin dai mai koya musu kimiyya ne amma ba ta tabbata ba. Zango na biyu fa ake ciki. Na ce to wa yake kiran suna, ta ce Baffa ai yanzu an daina wannan, kati ne da mu, in ka shigo get ka kara shi a jikin wata na'ura ta yi tit, shikenan ka zo makaranta. Na ce to ranar da ba ki zo ba fa? Sai ta kwashe da dariya ta ce ai sai ka bar wa ƙawarka katin tun jiya. Ita abin dariya ta ɗauke shi, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na taɓa cin wannan kashin da hannuna kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Bari in fara da laifina kafin in taɓa na wani. Akwai shekarar da aka ɗora min aikin tsara jarabawa a kan riƙon aji, takardu suka yi min yawa, sai na miƙa wa monita rajista na ce kullum da safe ya kira suna ya kawo min ofis in sa hannu. Yaron kirki ne, rubutunsa ma ya fi nawa kyau. Ana nan ana nan, wata ranar Laraba wajen ƙarfe goma sai ga wani dattijo ya zo neman ɗansa, wai kakar yaron ce jikinta ya tashi ana son a tafi da shi ya gan ta. Na ce ba damuwa Baba, zauna ga kujera, har da jawo rajista ina nuna masa da yatsa ina cewa ɗanka ai ba ya fashi, duba ka gani, layinsa ko sifili ɗaya babu. Muka tafi aji tare. Na kira sunan yaron, shiru. Na sake kira, shiru, yara duk suka sunkuyar da kai, wasu na wasa da biro. Na ƙarasa wajen zamansa na shafa tebur, ƙura ce ta bi min hannu. Malam Edita, kwana tara yaron nan bai taka makarantar ba. Kullum zai sa yunifom ya rataya jaka ya yi sallama da gida, sai ya wuce wani kango da ke bayan filin ƙwallo ya zauna har a tashi, abokansa biyu kuma su ke amsa masa suna, ɗaya yau ɗaya gobe, har da maƙe murya. Monita ya sani, ya ce tsoro ya ji kar a ce shi ne mai kai gulma.

Uban bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kallon rajistar da ke hannuna kawai ya yi, ya kalle ni, ya ce Malam ashe kai ma ba ka sani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga baya muka gano wasu manyan ɗalibai ne ke tare shi a bayan ban ɗaki suna ƙwace masa kuɗin da aka ba shi, ranar da ya ce babu suka mare shi suka ce in ya faɗa sai sun yi masa wanda ya fi haka. Abin da da ni nake kiran suna da bakina tun rana ta biyu zan tsaya in ce ina wane, amma sai da ya kai kwana tara, shi ma don Allah ya kawo uban ne.

Tun daga ranar ban sake ba wani ɗalibi rajista ba, kuma na canza yadda nake kiran. Da can kaina na ƙasa nake karantowa kamar mai karanta jerin kaya, ina jin na'am ina ja da biro. Sai na koma in na kira suna in ɗaga kai in nemo mai shi, sai idona ya haɗu da nasa sannan in ja. Abin ya ƙara min kamar minti biyu ne kacal, amma abin da na riƙa gani a cikinsu ba kaɗan ba ne. Na'am ɗin yaro kala kala ce ga wanda ya saba jin ta kullum. Akwai ta wanda ya yi barci ya ƙoshi, akwai ta wanda aka yi faɗa a gidansu daren jiya, akwai ta mai zazzaɓi da ke ɓoyewa don kar a mayar da shi gida ya rasa gwaji. Na yi wata ɗaliba mai surutu kamar aku, in na kira ta sai ta ja na'am ɗin har ajin ya yi dariya, wata safiya na kira ta sai ta ɗaga hannu kawai ba ta ce komai ba, washegari ma haka. Ban yi mata magana a gaban aji ba, lokacin tara na sa wata malama ta kira ta gefe, ashe iyayenta ne suka rabu a satin, an raba su da ƙannenta. Ba abin da muka iya yi game da auren mutane, amma ko ba komai ta san an lura. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ita na'urar get ɗin nan fuskar wa take gani?

Mutane ba sa tsayawa su yi tunanin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro malamin aji tun farko. A firamare ba matsala, malami ɗaya ke wuni da yara, in ɗaya ya yi tari ma ya san ko wane ne. Amma da an shiga sakandare sai a yanka ranar gunduwa gunduwa, kowane minti arba'in wani malami ya shigo wani ya fita, yaro ɗaya na da malamai takwas ko goma, kowane malami kuma yana bin azuzuwa biyar ko shida, a sati zai iya tsayawa gaban yara ɗari biyu ko fi. A haka kowa na koyar da yaron amma babu wanda za a ce yaron na hannunsa. Kowa ya ga kujera ba kowa sai ya ce ai wani zai bincika. Shi ya sa aka ware mutum ɗaya aka ce wannan ajin naka ne, in ɗaya ya ɓata kai za a tambaya.

A Amurka abin ya fi fitowa fili, don su a sakandarensu ɗalibai ne ke yawo, malami na zaune a ɗakinsa, ana kaɗa ƙararrawa yara su cika baranda kowa na neman ɗakin darasinsa na gaba, wanda kuka zauna da shi a lissafi ba lallai ku haɗu a tarihi ba. To saboda kar yaro ya zama ba shi da mazauni sai suka ware ɗaki guda da yake komawa kullum, suna ce masa homrum, wato kamar ka ce ɗakin gida, nan ake ɗaukar suna, nan ake sauraron sanarwar da ake yi ta lasifika daga ofis. Sunan ma kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ake nufi da wurin. Su kuwa Japan sun ari kalmar amma suka kai abin inda masu ita ba su kai ba. Yara na zaune a ajinsu malamai ke zuwa, ana ɗan zama da safe, a sake wani kafin a tashi, a manyan sakandare kuma akwai darasi guda cur kowane sati da aka ware don zaman ajin kawai. Ɗaliban ne ke share ajinsu da kansu su goge, kullum akwai mai duti da ke goge allo ya rubuta abin da ya faru a littafin aji, kuma sun daɗe da al'adar malamin aji ya bi gidajen ɗalibansa a farkon shekarar karatu, wadda su a watan Afrilu take farawa, ya ga inda kowa ke fitowa, duk da yanzu makarantu da yawa sun rage yin hakan. Ba wai ina cewa a kwafo komai ba ne, malaman can ma kukan yawan aiki suke yi sosai. Ina dai nuna cewa ba ƙauyanci ba ne, ƙasashen da ke ƙera na'urorin ma ba su yar da zaman aji ba.

Sannan ita rajista kanta, yawancin malamai rabin karatunta suka iya. Ana karanta ta daga sama zuwa ƙasa, a ƙirga mutum nawa suka zo yau a rubuta jimla a gindi, wannan shi ne abin da ofis ke so, shi sufeto ke dubawa in ya zo. Amma karatun da ke da amfani shi ne na kwance, ka ɗora rula a ƙarƙashin sunan yaro ɗaya ka bi layinsa tun daga farkon zango. Ni duk ranar Juma'a in an tashi nake yin wannan, ba ya cin minti ashirin. A nan na kama wani yaro da sifilinsa da jan biro suka jeru kamar an shuka su, Talata, Alhamis, Talata, Alhamis, sauran ranaku kuwa shi ke riga kowa zuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauko jadawali na duba, ranakun nan biyu ne ake lissafi darasi biyu a jere da safe. Na kira shi na ce me malamin lissafi ya yi maka, ya ce ba komai, na yi ta lallaɓa shi, can dai ya fashe da kuka ya ce in an tashe shi ya karanta abin da ke allo ba ya gani, lambobin haɗewa suke yi, in ya faɗi ba daidai ba aji ya yi masa dariya malam ya ce daƙiƙi ne. Dogo ne, shi ya sa tun farkon shekara aka tura shi bencin baya. Na dawo da shi gaba a ranar, na rubuta wa gidansu a kai shi a duba idonsa, bayan sati uku ya dawo da tabarau. Bai zama gwanin lissafi ba, kar in yi ƙarya, amma jan biron nan ya tsaya.

Irin wannan fashin na ɗaiɗai shi ne mugu, don ba ya tayar da hankalin kowa. Yaron da ya ɓace sati biyu a jere kowa zai sani. Wanda ke tsallake kwana biyu a wata kuwa ko uwarsa za ta ce maka ai ɗana ba ya fashi. Amma yi lissafi, a Amurka shekarar karatu wajen kwana 180 ce, kwana biyu a wata na wata tara ya ba ka 18, kashi 10 cikin 100 ke nan, kuma daidai wannan ma'aunin ne su da Ingila suke amfani da shi su ce yaro ya shiga sahun masu fashi mai tsanani. A Ingila doka ce a ɗauki suna sau biyu a rana, da safe da kuma bayan an dawo zaman rana, kwanakin karatunsu 190 ne, ka ga kowane yaro na da gurbi 380 a shekara da dole wani ya cike. Kuma bayan annobar korona sun ga abin da ya firgita su, yaran da ke irin wannan fashin sun tashi daga kusan kashi 11 kafin annobar zuwa sama da kashi 22 a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, a Amurka ma daga kamar kashi 15 ya haura zuwa wajen 28. Yara sun zauna a gida sun saba, igiyar da ke jawo su makaranta ta saki. Ni a ganina wannan igiyar ba komai ba ce illa sanin cewa akwai wanda zai ɗaga kai gobe da safe ya ga ba ka nan, kuma abin ya dame shi.

Su Ingila har tara suke cin iyaye, daga 2024 ta koma fam 80 in an biya da wuri. Wannan kam ban cika yarda da shi ba, wanda ya kwashe yaransa ya tafi yawon shaƙatawa ana tsakiyar karatu fam 80 ba za ta girgiza shi ba, wadda kuma ɗanta ke gudun makaranta saboda ana dukansa a bayan ban ɗaki ka ƙara mata da tara ai ka haɗa mata zafi biyu. Abin da na fi so a tsarinsu shi ne makarantu da yawa in yaro bai zo ba kuma ba a aiko da dalili ba, a safiyar nan za a buga wa gida waya, ba sai gobe ba. Haka kuma a wasu jihohin Amurka irin su Kalifoniya da Texas kuɗin da gwamnati ke ba makarantu yana rataye ne da yawan yaran da ke halarta kullum. Yana sa a mai da hankali, gaskiya ne, amma duk inda aka ɗaura kuɗi ko yabo a kan lamba to a yi hattara, don lambar za ta fara gyara kanta. Na san malaman da sai ranar Juma'a suke zama su cike rajistar sati guda daga ka, kowa ya zo, kowa ya zo, don kar shugaban makaranta ya ce ajinsu ya fi kowane fashi. Rajista tsaf tsaf ba ko gogewa, ni in na ga irin ta ma zargi take sa ni.

Sai maganar sanarwa, wadda ita ma an mayar da ita wani abu daban. Wani malamin zai shigo da takarda ya karanto abu bakwai a numfashi ɗaya, taron iyaye, gwajin turanci, a zo da kayan wasanni, an tsinci agogo, kulob ɗin muhawara, kaza kaza, yara na ta buɗe jaka ba wanda ke ji, gobe kuma a hau su da faɗa wai ba a faɗa muku ba. Ni dai na gwada na gani, in ya wuce abu uku to na huɗun iska ka faɗa wa. Sauran a rubuta a gefen allo a bar shi ya wuni, wanda ya shafi iyaye kuma a tsaya a kansu su kwafa a littafi, don takardar da aka ba yaro ya kai gida sau da yawa sai ƙarshen zango ake samunta a ƙasan jaka ta dunƙule.

Amma wanda ya fi ƙona min rai, kuma ina roƙon duk shugaban makarantar da ke karanta wannan ya hana, shi ne karanto sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban aji. Haba jama'a. Bakin da ya gama kiran yarinya da sunanta ta amsa da fara'a, shi ne kuma bayan minti biyu zai sake kiran sunan ya ce ta miƙe tsaye ana bin babanta bashi. Ita ta ci bashin? An taɓa aiko min da irin wannan jerin daga ofis, na karanta don an ce in karanta, wata yarinya ta miƙe tana murza gefen rigarta hawaye na zuba ba ta ko share ba, kuma sati guda ban sake ganinta ba. Daga nan in an kawo sai in ninke in sa a aljihu, in bi su ɗaya bayan ɗaya a ɓoye. An kira ni ofis a kan haka har sau biyu, na ce a yi haƙuri ni ba zan iya ba. In yaro ya fara jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka buɗe rajista, to an kashe amfanin zaman gaba ɗaya.

Haka batun latti. Makarantu da yawa da an kaɗa ƙararrawa sai a rufe get, a tara waɗanda suka makara a sa su tsintar takardu ko tsallen kwaɗo har darasin farko ya wuce, a aji kuma an riga an sa musu sifili. To yaro ba wawa ba ne, in ya duba ya ga ya makara minti goma kuma ya san ko ya je hukunci zai sha sannan a rubuta bai zo ba, sai ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya nemi inuwa ya zauna. Mu da kanmu muke mayar da mai latti mai fashi. A rajistar Ingila alamar latti daban take da ta fashi, ana barin rajista a buɗe na ɗan lokaci da bai wuce rabin awa ba, wanda ya shigo a ciki a rubuta ya makara amma ya zo. Kuma a tambayi dalili mana. Wani sai ya kai ƙannensa tasu makarantar tukuna, wani mota biyu yake hawa, wani kuma waya ce ta hana shi barci, shi wannan a ja masa kunne da kyau ba na kare shi. Ko da yake likitocin yara na Amurka tun 2014 suka ba da shawarar kar a fara karatun 'yan sakandare kafin takwas da rabi, saboda matashi jikinsa ba ya karɓar barci da wuri kamar ƙaramin yaro, Kalifoniya ma ta mai da shi doka ga manyan sakandarenta daga 2022. Wannan dai wata maganar ce, kar in yi nisa.

Na san abin da 'yan uwana malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce kai ka yi ritaya ka samu bakin magana, aji mai yara tamanin ko ɗari wa zai tsaya kallon idon kowa. Na riƙe mai tamanin da shida, na san zafin. Amma ko daƙiƙa huɗu ka ba kowane suna, yara ɗari ba su kai minti bakwai ba. Inda matsalar take shi ne ba a sa zaman a jadawali, sai dai malami ya sata daga darasin farko, mai darasin na tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo. Kuma riƙon aji an mayar da shi kaya, sabon malamin da ya zo jiya shi ake jibga wa, ko wanda ba ya shiri da ofis, ba alawus ba rage masa darasi ko ɗaya, ga cike katin sakamako ga amsa kiran iyaye har dare. A Faransa malamin da ke riƙe da aji ana biyansa wani ƙari a kan albashi saboda wannan aikin, kuma an ware wajen awa 10 a shekara na zaman tattauna rayuwar aji. Awa goma ba yawa, amma a rubuce take, ba wanda zai ce maka kana ɓata lokaci.

In da za a ji tawa, a bar malami da ajinsa shekara biyu ko uku yana hawa da su. Sai wajen ƙarshen zango na biyu kake gama sanin yara, wane ne ke ƙarya yana dariya, wace ce in ta yi shiru akwai magana, uban wa ke ɗaga waya uban wa sai ka bi ta wajen uwa, kana gama sani kuma sai a karɓe su a ba ka sababbi. Makarantun Waldorf da aka fara a birnin Stuttgart na Jamus a 1919 su har shekara takwas malami ɗaya kan yi da aji. Takwas kam ta yi yawa a ganina, in Allah ya haɗa yaro da malamin da jininsu bai haɗu ba ai ya shiga uku, dole a bar ƙofar canji.

Kar kuma a ce tsoho ne yana gaba da zamani. Ni ina son na'urar nan in za ta tura wa uwa saƙo a waya da ƙarfe takwas da rabi cewa ɗanta bai iso ba, da akwai irin ta a lokacina da kwana taran nan ba su kai tara ba, sai dai in abokan sun karɓi katin, wanda kuma ga shi 'yar ƙanina ta ce haka ake yi. A bar ta a get ta yi nata, kwamfuta ta yi lissafin jimla ta hutar da mu. Amma a aji a bar mutum ya buɗe baki ya kira yaro da sunansa, sunan da iyayensa suka raɗa masa, a faɗe shi daidai, ba lamba goma sha bakwai ba, ba kai mai jan wando ba. Akwai yaron da in ba a wannan minti goman ba, zai shigo makaranta ya fita ba babban da ya ambaci sunansa ko sau ɗaya, ba ya rashin ji balle a kira shi a yi masa faɗa, ba ya ɗaga hannu balle a yaba masa, yana tsakiyar aji a zaune kamar benci. Irinsu sun fi yawa a kowane aji, duk malami ya sani.

Af, har na manta. 'Yar ƙanin nawa ta bugo min shekaranjiya ta ce Baffa na bincika maka, ashe ba mai kimiyya ba ne, malamar turanci ce malamar ajinmu, kuma tun ƙarshen zangon farko ta tafi hutun haihuwa, ba a ba kowa ajin ba tukuna. Na ce ta gaishe min da na'urar.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani tsohon malamin aji